Sallamar Yaya Idan An Kawo Wuta

Ranar rabon gadon Yaya na gane Innarmu ta fi ni taurin kai, ni kuwa a gidanmu da shi aka san ni. Yaya ɗanta ne na fari, malamin gona a Gwarzo. Zazzaɓi ya kwantar da shi tsakiyar damina, bai tashi ba. Ya bar mata da yara biyu, da gona a Lakwaya, da babur, da tumaki, da wata tsohuwar kwamfuta ta tebur wadda ya saya lokacin da aka rage ma'aikata a ofishinsu aka yi gwanjon kaya. Shekarun nan ne da aka dawo da Shari'a, kowa na kaffa-kaffa da dukiyar marayu, ga matsi ko'ina, albashi sai an ga dama. Malamin da ya zo rabo ya ce Inna na da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, ya tambayi abin da za a ware mata. Kawu, wan Inna da ke zaune a Kabo, har ya nuna tumaki da sandarsa. Sai Inna daga bayan labule ta ce, "A bar min akwatin nan mai magana."

Kawu ya ce, "Ke, tumaki fa suna haihuwa."

Ta ce, "Na ji. Akwatin nake so."

Ni na san dalili, duk wanda ya zauna makoki a gidan ya sani. Lokacin da Yaya ya kawo kwamfutar, in an kunna ta wani ɗan kiɗa take yi kafin ta buɗe. A kwanakin nan kuwa mutane sun sa wa kiɗa ido, shi kuma ga shi da barkwanci, sai ya cire kiɗan ya ɗauki muryarsa ya saka. Tana gama tashi sai ka ji, "Assalamu alaikum, masu gida." Akwai 'yar dariya a ƙarshen maganar, can nesa kuma ana jin wata na daka. An kuma saita ta yadda in wuta ta ɗauke tana kunne, to da an dawo da wuta za ta tashi da kanta, ba sai an taɓa ta ba. A kunne ya bar ta ranar da ya kwanta.

Washegarin jana'iza, bayan la'asar, mata cike da tsakar gida, aka kawo wuta. Ba wanda ya kula. Can sai muryar mutumin da muka binne jiya ta fito daga ɗakinsa na kusa da zaure, lafiya lau, har da dariya. Wata ta zabura ta bar takalmanta, wata ta hau salati, matarsa ta sulale ƙasa. Inna ce kaɗai ba ta motsa ba. Ta ɗaga kai ta dubi ƙofar ta ce, "Wa alaikumus salam."

Sai wanda ya san mu zai gane nauyin wannan amsar. Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "yayanku" ko "wancan." In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa a gajarce. In ta dafa abin da yake so, ni take miƙa wa ta ce in kai zaure ko akwai mai ci. Ina yarinya har haushinta nake ji, in ce wannan wace irin uwa ce. Shi kuwa dariya yake yi, ya ce in bar ta, ai ya san inda aka ɓoye masa tsokar kaza.

Da matarsa ta gama takaba ta koma gidansu a Madadi da yaran, gidan ya rage Inna ita kaɗai, sai maƙwabta masu leƙowa. Ni ina koyarwa a Kabo, ina zuwa ƙarshen mako. Na ce a mai da kwamfutar ɗakinta, ta ƙi, ta ce a bar ta inda mai ita ya ajiye ta. Na koya mata yadda ake kashewa, ta saurare ni tsaf, ba ta taɓa kashewa ba ko sau ɗaya. A kunne take barinta har wuta ta ɗauke, don ta tashi da kanta. Wutar Gwarzo kuwa ba ta da alƙawari, yau da hantsi, gobe da azahar, jibi babu. Haka shi ma yake da rai, in ya fita zagayen manoma ta Kutama ba a sanin lokacin dawowarsa.

Na sha ganin abin da idona. Yaran unguwa za su kwashe da ihun an kawo wuta. Inna na bakin murhu a ƙarshen gida. Za ta ajiye muciya, ta wanke hannu a buta, ta yafa mayafi, ta bi ta gefen rijiya, ba sauri ba gudu. Tsohuwar kwamfutar nan nawa gare ta, sai ta yi ta gurnani tana ƙiftawa kafin ta buɗe. Inna ta shiga, ta zauna a tabarma ta fuskanci tebur. Tana gyara zama sai sallama. Ta amsa cikakkiya, har da rahama da albarka, sannan ta ɗora abin da ban taɓa ji ta faɗa masa ba yana raye: "Ka zo lafiya? Ya hanya? Ya gajiya? Ka dai ci abinci ko?" Ranar da na fara jin haka, bayan gida na shige na yi kukana na wanke fuska.

Kawu bai so abin ba. Ya ce mamaci addu'a yake buƙata, ba hira ba, kuma a wannan zamani da ake gyaran addini kada a ji 'yar'uwarsa na gaisawa da ƙarfe. Inna ta ce masa ita dai tun tana ƙarama aka koya mata amsa sallama wajibi ne, ba a ce mata sai ta leƙa ta ga wanda ya yi ba. Addu'a kuwa kullum tana yi. Kawu ya kaɗa rigarsa ya tafi tasha.

Abin da Inna ke yi shi ya ci kwamfutar. Na'ura ba ta son a riƙa yanke mata wuta tana tsakiyar aiki. A hankali ta fara tsayawa a hanya, allon ya yi shuɗi da rubutu, wani lokacin ta tashi, wani lokacin ta ƙi. Wata Asabar na tarar da Inna zaune a tabarmar, wuta na nan, fanka na juyawa, tebur shiru. Ba ta dube ni ba ta ce, "Yau kwana nawa bai zo ba."

Akwai wani malamin sakandare, Kirista ɗan Filato, da ya daɗe a Gwarzo, yana da ɗan shagon buga takardu kusa da tasha, shi ke duba wa mutane kwamfuta. Abokin Yaya ne, har makabarta ya raka shi. Ya zo ya buɗe ta, ya ce ƙarfen da sauransa, amma manhajar da ke tafiyar da ita, wato tsarin da komai ke zaune a kansa, ta lalace, sai an share an saka wata. Da na ji kalmar sharewa na ce, muryar fa? Ya ce in kwantar da hankalina, zai fara ciro muryar. Ya cire ma'ajiyar ya haɗa da tasa kwamfutar, ya lalubo ta. Na sa ya kwafa min a filas, na sa ya ƙara a faifai, na sa ya bar wata a wajensa. Ya ce, "Malama, ai ta isa haka." Na ce ba ta isa ba, ya sake kwafa.

Saura zaɓen abin da za a saka. Yana zaune a ɗakin Yaya, Inna na bakin ƙofa daga waje, ni a tsakani. Ya ce irin tsarin da ke ciki kamfanin ya daina kula da shi, faifansa na asali kuma ya tafi da ofishin da aka rushe. Sabon na kamfanin ya fi ƙarfin albashina, ya kuma fi ƙarfin tsohuwar na'urar. Akwai na kasuwa, kwafi, da kowa ke sakawa, araha kamar banza. Inna ta ce, "Kwafin nan da izinin masu shi?" Ya ce gaskiya babu. Ta ce, "To kada a zaunar min da shi a kan kayan sata." Ban san lokacin da na ce, haba Inna, duk ofisoshin garin nan da shi suke aiki. Ta ce su ofisoshin ba a kabari suke ba.

Sai ya ce akwai na uku, wanda masu yin sa suka bar wa duniya kyauta, kowa ya ɗauka ya ba wani, ba laifi. Inna ta ce, "Kamar rijiyar bakin hanya ke nan." Ya ce haka ne, Mama. Ta ce Allah ya saka musu, shi za a saka.

Ashe na kyautar ma iri-iri ne. Ya ba ni faifai da yawa, ya ce kowanne ana iya gwada shi ba tare da an saka ba. Na yi hutun makaranta guda ina gwaji kamar mai zaɓen atamfa. Wani rubutunsa ƙanana kamar tururuwa, ni ma sai na matsa. Wani sai ka rubuta masa umarni a baƙin allo, na ce wannan ko ni zai haukata ni, balle matar da ba ta karanta boko. Wani kyakkyawa ne amma nauyi, na'urar ta yi ta nishi. Daga ƙarshe na samu wani mara nauyi, mai manyan hotuna, ba ya tambayar lambar sirri, kuma malamin ya ce ya fi jure ɗaukewar wuta. Na share duk wani tarkace daga allon, na bar hoto ɗaya babba, in ta danna karatun Alƙur'ani ya fara. Muka mai da sallamar wurinta. Abin da ya fi burge ni saurinsa. Kafin ka ce me, ya buɗe. Har taƙama nake yi a makaranta, ina cewa na zaɓa wa tsohuwa tsarin da ko jariri zai iya.

Muka gwada Inna na zaune a tabarma. Muryar ta fito tas, da dariyar da dakan. Ta amsa, ta share ido da gefen mayafi, ta sa wa malamin albarka har ya rasa inda zai sa kansa. Na koma Kabo da farin ciki.

Da na dawo, maƙwabciyarmu ta tare ni a zaure ta ce Inna ba ta cin abinci. Na shiga na same ta ta faɗa, idonta ya zurma. Na ce ko na'urar ce ta sake tsayawa? Ta ce, "Yana zuwa. Ba ya tarar da kowa."

Ban gane ba sai da aka kawo wuta da yamma. Yara suka yi ihu. Inna na bakin murhu. Ko muciyar ba ta ajiye ba, sallama ta taso daga can ɗakin, ta wuce, gidan ya yi tsit. Na ga tsohuwar nan ta yar da muciya a ƙasa, ba wanke hannu ba mayafi, ta nufi ɗakin da gudun da ƙafarta ba ta da shi, tana amsawa tun daga rijiya da ƙarfi kamar mai kiran wanda ya juya zai fita. A dokin ƙofa ta yi tuntuɓe ta faɗi a kan gwiwa. Na ɗago ta tana haki, tana kallon allon da ba abin da ke kansa sai hoton nan guda. Ta ce, "Kullum haka. Ya yi sallama a gidan uwarsa a yi banza da shi."

Raina ya ɓaci, da ita da na'urar da kaina. Na ce, Inna, abu mai sauƙi, zan sa miki wani hoton, duk lokacin da kika so ki danna ki ji shi, ko sau ɗari ne. Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "Ni in kira shi? Yana raye ban taɓa kiransa ba. Shi yake zuwa."

Labarin faɗuwar ya kai Kabo kafin ni. Kawu ya zo da zafinsa, ya ce a fitar da akwatin nan daga gidan kafin ya karya ta, ko ya sa a kai shi kasuwa. Na ce masa, Kawu, da girmanka, gadonta ne, malami ya raba a gabanka, ba mai taɓa shi. Ya ce ba ni da kunya. Na ce na ji, amma ba mai taɓa shi. Sai da muka yi wata ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Na koma wajen malamin na ce ya mai da wa kwamfutar nawarta ta da. Ya ce tunda yake gyara ba a taɓa roƙonsa ya rage wa kwamfuta sauri ba. Amma ya ce abu ne mai yiwuwa, za a ce wa muryar ta jira kafin ta fito. Ya nuna min wurin, layi ɗaya ne da lamba a ƙarshensa, in ka ƙara lambar jiran ya ƙaru. Ya tambaye ni nawa za a sa. Na ce ban sani ba, sai mun auna. Ya zauna a ɗakin da agogonsa, ni na kashe wutar gidan daga mita na mayar. Inna ta san gwaji ne, ta ƙi tashi. Dole muka zauna jiran wutar gaskiya ta ɗauke ta dawo, shi da shagonsa a rufe. Da wutar ta dawo, Inna ta ajiye abin hannunta, na ce mata ta yi a hankali, yau zai jira. Ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta bi ta gefen rijiya tana ɗingishi. Ya rubuta abin da agogo ya nuna, ya ƙara kaɗan don gyara zama.

Daga ranar abinci ya koma cikinta. Hoton karatun ma ta iya shi, ta kan danna bayan sun gama gaisawa, ta jingina da bango tana bi.

Gwiwar nan ba ta koma daidai ba. Bayan shekara ta ce min, kamar ba komai, "Yayanku ya fara gaggawa." Na gane. Na buɗe layin na ƙara lambar. Haka muka yi ta yi. Ta fara dafa bango, na ƙara. Ta karɓi sanda, na ƙara. Ta koma sai ta huta a bakin rijiya kafin ta ƙarasa, na ƙara. Ba wanda ya san jikin Inna kamar layin nan. Likita zai ce da sauƙi, ita ta ce alhamdu lillahi, ni kuwa in buɗe in ga inda muka faro da inda muke. Na tsani lambar nan, kuma ba na barin kowa ya taɓa ta.

A bazarar ƙarshe taransifomar unguwarmu ta ƙone. Aka yi ta karo-karo, aka yi ta zuwa ofis, shiru. Mako ya wuce, wani ya bi. Inna ta kan zauna a inuwar rijiya, rabin hanya, wai don kada ta yi nisa. Duk ihun da yara suka yi a waje, ko na ƙwallo ne, sai ta ɗaga kai. Na aro janareto a wajen malamin, na sa aka kawo har zaure. Tana jin ƙararsa ta ce a kashe. Ta ce, "Wannan ma ai kira ne." Na yi faɗa, na yi magiya, na ce Inna wuta wuta ce. Ta ce ita za ta jira.

Ba a gyara ba har ta kwanta. Ciwon bai ja ba. Ranar da za ta rasu ta tambaye ni ko an ji labarin wutar, na ce an ce gobe. Da ma kullum gobe ake cewa.

Aka yi makoki aka watse. Kawu ya tsufa a 'yan kwanakin nan, ya koma Kabo bai ko ambaci akwatin ba. Na rage ni kaɗai ina haɗa kwanukanta a bakin murhu, rana ta karkata. Sai na ji unguwa ta ɗauka da ihu. Ƙwan tsakar gida ya kama. Daga ɗakin kusa da zaure na ji 'yar ƙarar tashin na'ura, don a kunne wuta ta bar ta.

Na tsaya da kwano a hannu. Na san tsawon jiran, ni na sa shi. Ban yi niyya ba, amma idona ya bi hanyar. Yanzu ta jingina sanda ta wanke hannu. Yanzu tana laluben mayafi a igiya. Yanzu ta kai rijiya, ta zauna tana mai da numfashi. Ga wurin da tafinta ya yi wa bango duhu. Yanzu ta ɗaga ƙafa a dokin ƙofa. Tsoro ya kama ni sosai, na kuma kasa barin wurin. Ban san jiran ya yi tsawo haka ba sai da na tsaya a cikinsa babu ita.

"Assalamu alaikum, masu gida."

Dariyar ta biyo, da dakan can nesa. Ba ni ke amsawa ba, ban taɓa amsawa ba. Na ji kunnena na jiran muryarta daga ɗakin. Ba komai sai fanka.

Na ajiye kwanon, na wanke hannu a butarta, na ja mayafina na tafi. Na tsaya a bakin ƙofa. Tabarmar na shimfiɗe inda take.

Na ce, "Wa alaikumus salam, Yaya. Ba ta nan. Ta daɗe tana jiranka, ba ta jima da fita ba. Ba ku haɗu a hanya ba?"